ƘUNGIYAR DUSA DA TAMBARINTA

Al'ada ce ta manyan makarantu da ƙungiyoyin malamai na ƙasashen Turai ko wace ta zaɓi wata alama wadda za a riƙa saninta da ita. Ita a kan buga a bangon littattafansu, a sassaƙa ta bisa ƙofar zaurensu, a kuma sa ta jikin takardun shaidar da su ke bayarwa. Galibi a kan zaɓi abin da ke nuna girma ko hasken ilmi, kamar zaki, ko gaggafa, ko fitila, ko buɗaɗɗen littafi. Amma a birnin Fulorans na ƙasar Italiya akwai wata ƙungiyar malamai, wadda ta girmi dukan ƙungiyoyin kula da harshe da ke raye yau a duniya, da ta tsallake waɗannan duka, ta ɗauki akwatin tankaɗen gari ta ce shi ne tambarinta. Sunanta da Italiyanci Accademia della Crusca, watau Ƙungiyar Dusa, dusa dai wadda a ke ba awaki da kaji.

Wanda ya ji wannan suna da fari sai ya zaci ba'a ce. To, lalle da ba'a aka fara, amma kamar wasa ƙaramar magana ta zama babba. A kan ma'anar wannan tambari an yi shekara fiye da ɗari uku ana jayayya, an wulakanta babban mawaƙi, an ƙone littafi a bainar jama'a, an rufe ƙungiyar an sake buɗe ta. Dalili kuwa, duk wanda ya ɗauki rariya ya ce zai tankaɗe harshen mutane, ba makawa sai ya kira maganar waɗansu gari, ya kira ta waɗansu dusa.

Halin da harshen Italiya ke ciki

Kafin mu duba tambarin, ya kamata mu san ciwon da aka nemi yi wa magani. A ƙarni na 16 Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce. Ko wane babban birni da nasa sarki ko majalisa, da kuma nasa karin harshe. Mutumin Milan da na Nafoli in sun haɗu, ko wane ya yi maganar gidansu, da ƙyar su ke fahimtar juna. Malamai da alƙalai da limaman coci su kuwa da Latin su ke yawancin rubutunsu, harshen Rumawan da, wanda talaka ba ya ji.

Amma tun cikin ƙarni na 14 ƙasar Tuskani, wadda Fulorans ke babban birninta, ta haifi marubuta uku waɗanda suka yi rubutu da harshen gida, suka kai shi matsayin da babu wanda ya taɓa kai shi. Su ne Dante, wanda ya rasu cikin 1321, da Petrarca, wanda ya rasu cikin 1374, da Boccaccio, wanda ya bi shi cikin 1375. Sunansu ya game Italiya duka. A cikin shekara ta 1525 wani malami mutumin Benis, sunansa Pietro Bembo, ya wallafa littafi ya ba da shawara cewa duk mai son rubuta Italiyanci na ƙwarai, in waƙa ce ya bi Petrarca, in zube ne ya bi Boccaccio. Malamai da yawa suka karɓi wannan shawara. Sai dai akwai wuya guda. Harshen da a ke cewa a bi na mutanen da suka mutu ne tun shekara ɗari da hamsin da suka wuce, ko mutanen Fulorans kansu sun riga sun sake baki. Wanda ke zaune nesa, ina zai san wace kalma ce ta magabata, wace ce baƙuwa? Ana bukatar ƙamus, da kuma waɗanda za su zauna su tace.

Mafarin ƙungiyar

Wajen shekara ta 1570 zuwa 1580 akwai waɗansu abokai ma'abota karatu a Fulorans da su kan taru su ci abinci, su yi hira, su karanta wa juna waƙoƙi da jawabai na ban dariya. A birnin akwai wata babbar ƙungiyar malamai ta hukuma, wadda ta cika tsanani da ƙaƙale. Don su yi mata shaguɓe sai abokan nan suka kira kansu 'yan dusa, suka kira hirarsu zancen dusa, watau maganar da ba ta da nauyi. Su biyar ne aka fi ambata: Giovan Battista Deti, da Anton Francesco Grazzini, da Bernardo Canigiani, da Bernardo Zanchini, da Bastiano de' Rossi.

Cikin 1582 wani malami mai zurfin sanin rubuce-rubucen magabata, Lionardo Salviati, ya shiga cikinsu. Shi ne ya juya al'amarin. Bai ce a sake suna ba, ma'anar sunan ya sake. Ya nuna musu cewa mai sha'ani da dusa shi ne mai tankaɗe, aikin mai tankaɗe kuwa fid da gari mai kyau. Sabo da haka aikin ƙungiya shi ne ta zuba harshe cikin rariya, ta ware tsantsar gari ta ajiye, ta kau da dusa. Daga shekara ta 1583 a ke ƙidaya kafuwarta, aka yi bikin buɗewa cikin 1585. Salviati ya rasu cikin 1589, bai ga ƙamus ba, amma bisa tafarkinsa aka yi shi. Wajen 1590 'yan ƙungiya suka tsai da tambari da kuma kirarin da ke tare da shi.

Siffar tambarin

Abin da aka zana ba rariyar hannu ba ce irin wadda mata ke tankaɗe da ita a tsakar gida. Wata na'ura ce ta masu gidan burodi, Italiyawa na kiranta frullone, a wancan zamani kuwa sabon abu ce. Babban akwati ne na katako. A cikinsa akwai wata doguwar ganga a kwance, wadda aka naɗe da ƙyalle mai ƙananan idanu. Daga sama akwai mazurari inda a ke zuba niƙaƙƙiyar alkama, daga gefe kuma akwai mariƙi da a ke juyawa. In an juya, ganga ta yi ta birgima tana girgiza, lallausan gari ya riƙa ratsa ƙyallen yana zuba ƙasan akwati, dusa kuwa da ba ta iya ratsawa ta gangara ta fita ta ƙarshe.

Ko wane sashe na wannan na'ura da abin da ya ke nufi. Alkamar da a ke zubawa ita ce littattafai da maganganun mutane. Ƙyallen shi ne ƙa'idar da a ke auna kalma da ita. Garin shi ne kalmomin da aka yarda su shiga ƙamus. Akwai kuma hikima cikin zaɓen alkama. Da sun so da sun kamanta harshe da zinariya ko lu'ulu'u, abin da sarakuna kaɗai ke mallaka. Sai suka kamanta shi da burodi, abincin da ko wane gida a Italiya ke ci kullum. Ga shi kuma sun nuna cewa aikin harshe aikin hannu ne, mai ƙura da gajiya, wanda sai an yi ta maimaitawa.

Kirarin da ke rubuce tare da hoton daga wata waƙar Petrarca aka tsinko shi. Baitin yana magana ne a kan tsinkar furen da ya fi ko wane kyau. Abin da ya sa ya dace shi ne, a Italiyanci kalmar da ke nufin fure ita ce kuma a ke kiran garin alkama mafi laushi da ita. Ka ga da kalma ɗaya sun haɗa lambun mawaƙi da gidan mai burodi. Suka kuma taɓa baitin kaɗan. Petrarca ya faɗi abin kamar wanda ya riga ya wuce, su kuwa suka mai da shi abin da a ke cikin yi, don a san tankaɗen ba ya ƙarewa.

Shebur da kwando da buhu

Ba su tsaya ga tambari kaɗai ba, sai da suka mai da zauren taronsu duka kamar gidan burodi. Aka kafa doka ko wane ɗan ƙungiya ya ɗauki laƙabi mai dangantaka da alkama ko gari ko burodi. Salviati ya kira kansa Infarinato, watau wanda ya yi buɗu-buɗu da gari. Bastiano de' Rossi, magatakardan ƙungiya, ya ɗauki sunan wani burodin talakawa da a ke yi da garin da ba a fid da dusarsa sosai ba. Grazzini shi kuwa da ma yana da laƙabin wani ƙaramin kifin kogi tun daga wata ƙungiya da ya taɓa shiga, ya ƙi sakewa, ya kawo hujja cewa ai kifin nan sai an birkiɗa shi cikin gari kafin a soya. Aka yi dariya aka bar masa.

Bayan laƙabi, ko wane ɗan ƙungiya a kan yi masa shebur na katako irin na masu gari da masu burodi. A jikinsa a kan zana hoto, a rubuta laƙabinsa, da ɗan guntun baiti mai bayyana halinsa ko burinsa. A kan na Salviati bushiya aka zana tana tonon tarin gari da hanci, har jikinta ya yi fari, watau misalin malamin da ya kutsa cikin tsofaffin littattafai har suka bar masa alama. Irin waɗannan shebur fiye da 150 na da suna nan har yanzu rataye a bangon zauren ƙungiyar. Kujerun zama na ranar taro kwandunan ɗaukar burodi ne aka kife, aka soka shebur a baya ya zama abin jingina. Akwatunan ajiye takardu an yi su da siffar buhu. In wani ya kawo rubutu don a duba, cikin mazurari a ke jefa shi, wanda ya tsira daga bincike a kira shi gari.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. A jikin tambarin an zana akwati, an zana mazurari, an zana mariƙi, amma ba a zana mai juyawa ba. Wanda ya dubi hoton sai ya ga kamar na'ura ce ke aikinta ita kaɗai, ba son kai, ba ƙiyayya. Alhali kuwa mutum ne ke zaɓen ƙyalle, mai manyan idanu ko mai ƙanana, mutum ne kuma ke juya mariƙi. Mutanen nan duka 'yan gari ɗaya ne, masu son garinsu. Daga nan rigima ta taso.

Waɗanda aka kira dusa

Wanda ya fara shan wuyar rariyar nan shi ne Torquato Tasso, babban mawaƙin Italiya na zamaninsa. An haife shi a Sorrento, can kudu, ya yi zamansa a fadar sarkin Ferrara. Cikin 1581 aka buga doguwar waƙarsa a kan yaƙin da Turawa suka yi na kama birnin Ƙudus, mutane suka yi ta rububinta. Wani malami ya rubuta cewa Tasso ya fi Ariosto, wani mawaƙin Ferrara da ya riga shi, wanda ya gyara waƙarsa bisa harshen Tuskani. 'Yan Ƙungiyar Dusa suka fusata. Cikin 1585 suka fid da martani, suka sa masa suna Tankaɗe na Fari. Suka bi waƙar Tasso suna tsintar aibu, suka ce ya cika ta da kalmomin Latin da na waɗansu garuruwa, maganarsa kuma ta cika duhu da gantsi. A lokacin nan Tasso yana tsare a wani asibiti a Ferrara bisa umurnin sarki, sabo da taɓin hankali, tun 1579, bai fita ba sai 1586. Daga ɗakin da ya ke kulle ya rubuta amsa yana kare kansa. Mutane da yawa, har waɗanda ba su ƙi ƙungiyar ba, sun ga rashin tausayi cikin wannan al'amari.

Cikin 1612 ƙamus ya fito, aka buga shi a Benis, da hoton akwatin tankaɗe a shafin farko. Aiki ne da ba a taɓa ganin irinsa ba ga wani harshen Turai mai rai. An jera kalmomi bisa haruffa, ko wace an bayyana ma'anarta, an kawo takwararta ta Latin, sa'an nan an kawo shaida daga littattafai don a ga yadda magabata suka yi amfani da ita. Bisa ra'ayin Salviati ba manyan marubutan nan uku kaɗai aka ɗauko ba, har da ƙananan rubuce-rubucen mutanen Fulorans na ƙarni na 14, domin a ganinsa a zamanin nan kowa a birnin da kyakkyawan harshe ya ke magana. Sabo da haka wani marubucin da ba wanda ya san shi ya sami shiga don shi ɗan Fulorans ne na da, Tasso kuwa, wanda Italiya duka ke rera waƙarsa, aka bar shi waje.

Ba a ƙare shekarar ba sai da wani malamin jami'ar Padua, Paolo Beni, ya fid da littafi mai suna Anticrusca, watau kishiyar Dusa. Ya ce 'yan ƙungiya sun tono kalmomin da suka ruɓe sun kira su gari, sun zubar da hatsin bana. Bayan shekara ɗari rigimar ba ta kwanta ba. Siena birni ne na Tuskani, tsohon abokin gabar Fulorans. Wani mutumin can, Girolamo Gigli, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya tattara kalmomin wata waliyyiyar garinsu, Katarina, don ya nuna harshen Siena bai gaza na Fulorans ba, ya haɗa da yi wa lafazin mutanen Fulorans ba'a. Cikin 1717 aka soke sunansa daga ƙungiya, aka ƙone littafin a fili, aka tilasta shi ya janye maganarsa. Can kuma a Milan waɗansu samari masu neman sauyi suka kafa jarida wadda ta fito daga 1764 zuwa 1766. A cikinta ɗayansu, Alessandro Verri, ya rubuta takarda da siffar shaidar da a ke yi gaban shari'a, cewa sun bar bin ƙamus na Dusa. Hujjarsa ita ce kalma baiwar tunani ce, in sabon tunani ya zo ba shi da suna a littattafan da, to, a ƙirƙira masa ko a aro.

Yadda aka riƙa sake ƙyalle

Ba za a ce ƙungiyar ta toshe kunne ɗungum ba. Ƙamus ya sake fitowa cikin 1623, sa'an nan cikin 1691 aka yi bugu na uku a Fulorans, juzu'i uku. A wannan karo aka buɗe wa Tasso ƙofa, shekara casa'in da shida bayan rasuwarsa. Aka kuma karɓi rubuce-rubucen masu binciken halitta, irin su Galileo, wanda shi kansa ya shiga ƙungiyar tun 1605. Wani ɗan sarki na gidan Medici, Leopoldo, ya sa aka bi masu sana'a ana rubuta sunayen kayan aikinsu.

A cikin wannan bugu ne kuma wani abin mamaki ya auku, wanda ba a gane ba sai bayan shekara fiye da ɗari biyu. Ɗaya daga cikin manyan masu aikin shi ne Francesco Redi, likita, masanin da ya tabbatar da cewa tsutsar da ke fita jikin ruɓaɓɓen nama daga ƙwan ƙuda ta ke. Ka'idar ƙamus ita ce kalma ta zo da shaida daga littafin magabata. Redi kuwa yana da kalmomi masu amfani waɗanda ba su da irin wannan shaida. Sai ya riƙa ƙaga jimloli da kansa, yana jingina su ga waɗansu tsofaffin littattafan hannu da ya ce suna wurinsa. Aka karɓa aka buga, masu ƙamus na baya suka yi ta kwafa. Sai a farkon ƙarni na 20 wani malami, Guglielmo Volpi, ya tona asirin. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma laifin ba na Redi kaɗai ba ne. In idon rariya ya yi ƙanƙanta har gari mai kyau ba ya ratsawa, mai tankaɗe ya kan kai ga huda ta a ɓoye.

Bugu na huɗu ya fito daga 1729 zuwa 1738, juzu'i shida. Cikin 1783 sarkin Tuskani, Pietro Leopoldo, ya ga ƙungiyar ta yi sanyi, ya narkar da ita cikin wata tare da waɗansu biyu. Ta yi shekara ashirin da takwas ba ta da sunan kanta, sai cikin 1811 Napoleon, wanda ke mulkin ƙasar a lokacin, ya mai da ita.

Makwabta sun ara

Duk da wannan suka, ƙasashen Turai sun ga amfanin aikin sun kwaikwaya, ko wace kuma ta zaɓi tambarin da ya dace da nata ra'ayi. Wani ɗan sarkin Jamus, Ludwig na Anhalt, ya zauna a Fulorans ya shiga ƙungiyar cikin 1600. Da ya koma gida, aka kafa irinta don harshen Jamusanci cikin 1617, ya zama shugabanta. Su itacen kwakwa suka ɗauka, domin a ganinsu ba abin yarwa a jikinsa, daga 'ya'ya har ganye. Faransa ta kafa tata cikin 1635, ƙamus nata ya fito cikin 1694. Sifen ta bi baya cikin 1713, ta ɗauki kaskon narka ƙarfe bisa wuta, watau harshe kamar azurfa ya ke, sai an narka a ke raba shi da datti. A Ingila ba a kafa irin wannan ƙungiya ba, mutum ɗaya ne, Samuel Johnson, ya ɗauki nauyin, ƙamus nasa ya fito cikin 1755, shi ma bisa hanyar kawo shaida daga marubuta. 'Yan Dusa suka aika masa da nasu kyauta.

In aka jera tamburan nan uku za a ga bambanci. Kaskon Sifen yana cewa abin da aka fitar datti ne. Kwakwar Jamus tana cewa babu abin fitarwa. Akwatin Fulorans ya tsaya tsakani, ko da ya ke masu shi ba su lura da haka ba da fari. Gama dusa ba datti ba ce. Daga ƙwayar alkama ɗaya ta fito ita da gari, mai gidan burodi kuwa ba ya zubar da ita, sayar da ita ya ke yi, dabbobi su ci su yi ƙiba.

Bayan haɗuwar ƙasa

Cikin 1861 Italiya ta zama ƙasa ɗaya, sai maganar harshe ta tashi daga zauren malamai ta koma makarantun yara da barikin soja da ofisoshin hukuma. A nan aka ga iyakar aikin shekara ɗari biyu da hamsin. Wani masanin harshe, Tullio De Mauro, ya ƙiyasta cewa a shekarar nan waɗanda ke iya magana da Italiyancin littafi ba su wuce biyu da rabi cikin ɗari ba. Wani masanin, Arrigo Castellani, ya ce sun kai wajen goma cikin ɗari. Ko wanne aka ɗauka, garin da aka tankaɗe yana nan cikin buhu, yawancin jama'a ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Babban marubucin zamanin, Alessandro Manzoni, mutumin Milan, ya yarda harshen Fulorans ya zama na ƙasa, amma ya ce a ɗauko shi daga bakin masu ilmin birnin da ke raye, a bar tonon kaburbura. Shi kansa ya je Fulorans cikin 1827 don ya gyara littafinsa bisa yadda ya ji ana magana.

Ƙungiyar ta fara bugu na biyar cikin 1863. Aikin ya yi ta jan ƙafa har shekara sittin, aka buga juzu'i goma sha ɗaya, ba a wuce harafin O ba. Cikin 1923 gwamnati ta ba da umurni a tsaya. Daga nan ƙungiyar ta juya ga gyaran tsofaffin littattafai da binciken tarihin harshe. Abin da ya kai Italiyanci ko wane gida daga baya shi ne makaranta, da ƙaurar mutane zuwa birane neman aiki, da jarida, da rediyo, da talabijin.

Tun cikin shekarun 1970 mazaunin ƙungiyar wani tsohon gidan sarautar Medici ne a Castello, bayan garin Fulorans. Cikin 2008 ta sami shugaba mace ta fari, Nicoletta Maraschio. Tambarin bai sake ba, amma aikin da a ke yi ƙarƙashinsa ya sake ƙwarai. Yanzu mutane ke aiko da tambayoyi a kan kalma ko nahawu, malamai su bincika su ba da amsa, su bayyana abin da a ke faɗi da dalilinsa. Cikin 2016 wani yaro ɗan shekara takwas a wata makarantar firamare ta lardin Ferrara, ƙasar da aka tsare Tasso, ya ƙagi kalma, petaloso, don ya siffanta fure mai yalwar ganyayen nan masu launi. Malamarsa ta ga babu ita a ƙamus, amma ta yi mata kyau, sai suka rubuta wa ƙungiyar. Amsar da aka aiko ita ce kalmar ta ginu daidai bisa ƙa'idar harshe, amma kalma ba ta shiga ƙamus don wani malami ya so ta, sai in mutane da yawa sun ɗauka suna amfani da ita.

Da Salviati zai ji wannan amsa, da ya yi mamaki, gama ƙungiyarsa ce da bakinta ta ce mariƙin nan da ba a zana mai juya shi ba yana hannun jama'a. Duk da haka ba za a ce magabatan sun yi aikin banza ba. Ba don sun tankaɗe sun adana ba, da Italiya ta haɗu ba ta tarad da harshen rubutu guda wanda ɗan Milan da ɗan Nafoli za su taru a kansa ba, da kuma yaran makaranta na yau ba su iya karanta Dante ba sai da tafinta. Kuskurensu shi ne sun ɗauka ƙyalle ɗaya zai isa har abada, sun kuma manta cewa abin da ya ƙi ratsawa yau ya yiwu niƙa ce ba ta yi ba tukuna. Duk al'ummar da ta tashi rubuta ƙamus na harshenta za ta ɗauki wannan rariya, ko ta zana ta a tambari ko ba ta zana ba. Abin da ya wajaba ga masu riƙe da ita shi ne su riƙa duba ƙyallen lokaci lokaci, su saurari mutanen garuruwan da ba nasu ba, dusar da ta fita kuma su tara ta wuri ɗaya su ajiye, don na baya su sake dubawa.